Yadda ake ƙara wa hoto da renda kaifi ba tare da an ƙona shi ba

Kafin ka taɓa kowace filta ka fara sanin abu ɗaya, ƙara kaifi ba ya dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. In ido bai shiga fokas ba lokacin da aka danna to bai shiga ba, ko ka ja Amount, wato ƙarfin filtar kaifi a Photoshop, har 500 gashin ido ba zai tsiro ba. Abin da manhajar take yi kawai shi ne ta bi hoton tana neman inda haske ya yi iyaka da duhu, wato gefen abu, sai ta ɗan ƙara wa ɓangaren haske haske, ta ɗan ƙara wa ɓangaren duhu duhu, idon mai kallo kuma sai ya ɗauka hoton ya fito ras. Kamar kwalli ne, ba ya canza ido, gefen kawai yake fito da shi, kuma in ya yi yawa kowa zai gane an zabga. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya: gefe ake wa aiki, a girman da za a kalli hoton, kuma a ƙarshen gyara.

Me ya sa ma hoto yake fitowa da ɗan laushi tun farko? A kyamara, kowane ɗigo na sensa launi ɗaya yake gani, ja ko kore ko shuɗi, sauran biyun lissafi ake yi a cike su daga maƙwabta, wannan lissafin yana cin kaifi kaɗan. Kyamarori da yawa kuma akwai wani siririn gilashi a gaban sensa da aka sa shi da gangan don ya ɗan dusashe hoton saboda kar zane-zanen yadi su riƙa yin wani irin walƙiya. A renda, wato hoton da manhajar 3D take fitarwa, babu gilashi amma akwai filtar fiksel da take haɗa samfura, wato lissafin hasken da ake yi wa kowane fiksel, don gefuna su yi santsi, ga kuma denoiza da take share tsaki-tsaki ta haɗa da ƙananan bayanai ta share. Sai na uku wanda ya shafi kowa, duk lokacin da ka rage girman hoto kaifi yana raguwa. Waɗannan ukun su ne laushin da ake iya gyarawa. Hannu ya girgiza sosai ko fokas ya tafi kan bango, wannan sake ɗauka ne maganinsa.

Shiri kafin a fara

Ka gama komai tukuna. Gyaran launi, haske, goge ƙuraje, cire wayar wuta daga sama, sa mutane da bishiyoyi a renda, duk a gama. Dalili shi ne in ka kaifafa tun farko sannan ka zo ka ƙara kwantiras da Curves, to layukan da kaifin ya yi a gefuna su ma za su ƙaru, abin da ya yi daidai ɗazu yanzu ya zama ƙazanta.

In ka gama sai ka danna Ctrl+Alt+Shift+E a Photoshop, zai tattara duk leyoyin da ake gani ya yi maka sabuwar leya guda a sama ba tare da ya taɓa na ƙasa ba. Danna mata dama ka zaɓi Convert to Smart Object, amfanin wannan shi ne gobe in mai aiki ya ce ya yi yawa sai ka danna filtar sau biyu ka rage lamba kawai, ba sai ka sake daga farko ba. Sannan Ctrl+1 don zum ya koma 100%. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, a 33% ko 66% abin da kake gani a allo ba shi ne ainihin fiksel ɗin ba, manhajar ce take ƙiyasta maka, za ka iya zabga kaifi ba ka sani ba.

Sai noyiz, wato tsaki-tsakin da yake fitowa a hoto. Filtar kaifi ba ta san bambancin gashin gira da tsakin ISO 3200 ba, duk gefe ne a wurinta. Hoton da aka ɗauka a holin biki da dare ko a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, ka fara rage masa noyiz, musamman na launi, wato ɗige-ɗigen ja da kore da ke cikin inuwa. Na launi ka cire shi ba ka yi wata babbar asara ba, amma na haske a bi shi a hankali, in ka ja shi da yawa fata ta koma kamar roba sannan ka dawo kana neman kaifin da kai ka goge da hannunka.

In RAW ka ɗauka

RAW shi ne ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba. A Lightroom ko Camera Raw akwai sashen Detail, nan ake yin kaifin farko, ɗan kaɗan ne don a biya abin da sensa ta ci. Silaida huɗu ne. Amount yana tafiya daga 0 zuwa 150 kuma a RAW yakan zo a 40 da kansa, Radius daga 0.5 zuwa 3.0 yana zuwa a 1.0, Detail yana zuwa a 25, Masking kuma a 0. Ukun farko ko ba ka taɓa su ba ba laifi, na huɗun ne mutane suke tsallakewa alhali shi ne ya fi amfani. Riƙe Alt ka ja Masking, hoton zai koma baƙi da fari, duk inda ya yi fari nan kaifi zai sauka, inda ya yi baƙi an bar shi. A 0 komai fari ne, har sararin sama da kumatu da bangon da ba komai a jikinsa. Ka ja har sai fata da sama sun yi baƙi ya rage layin ido da hanci da leɓe da gefen kaya. Ni a fuska nakan tsaya tsakanin 60 zuwa 80, a hoton gini ko daji mai ganye da yawa 20 zuwa 40 ya isa. Detail kuma in ka kai shi sama da 50 yana fito da ƙananan abubuwa sosai amma da noyiz yake zuwa, a fuska ka bar shi ƙasa.

In JPEG ne daga waya, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko iPhone, wannan matakin ka tsallake shi. Wayar ta riga ta kaifafa tun kafin ka gani, sau da yawa ma ta wuce gona da iri, ka zuma gefen kan mutum da sama za ka ga farin layin yana nan.

Unsharp Mask, tsohuwar hanya

Tana Filter, Sharpen, Unsharp Mask. Dabarar ta girmi kwamfuta, tun zamanin wankin fim ake yin ta. Abin da take yi a ɓoye shi ne ta kwafi hoton, ta dusashe kwafin, ta cire shi daga na asali, bambancin da ya rage shi ne gefuna, sai ta ƙara wannan bambancin a kan hoton. In ka gane wannan lambobin uku ba za su ƙara ruɗa ka ba.

Radius shi ne faɗin layin da za a yi a gefe, da fiksel ake auna shi. Amount shi ne ƙarfin layin, daga 1 zuwa 500. Threshold daga 0 zuwa 255 yake, shi kuma yana cewa sai bambancin fiksel biyu ya kai kaza kafin a ɗauke shi gefe, ƙasa da haka a ƙyale.

Yadda nake saita su, kuma na ga ya fi sauƙi ga mai koyo: fara da kai Amount can sama kamar 300 da gangan, Threshold a 0. Hoton zai yi muni, bar shi. Yanzu ka riƙa motsa Radius daga 0.3 kana hawa a hankali, kana kallon ƙananan abubuwa kamar gashi ko zaren yadi, za ka ga wurin da suka fito tsaf, in ka ƙara kaɗan kuma sai su fara kauri suna haɗewa da juna ga farin layi ya bayyana. Koma baya zuwa kafin wannan wurin. Sai yanzu ka sauko da Amount har hoton ya daina ihu, yawanci tsakanin 80 zuwa 150 zai tsaya. Na ƙarshe Threshold, ka ɗaga shi 2 zuwa 5 in akwai fata ko sama, kar ka wuce 10 don daga nan sai kaifin ya riƙa sauka tsalli-tsalli, wani wuri ya kama wani bai kama ba, abin ba kyan gani.

Radius da girman hoto tare suke tafiya, shi ya sa kwafar lambar wani ba ta aiki. Hoton 6000 a 4000 daga kyamara mai megafiksel 24 zai ɗauki Radius 1 zuwa 1.5 lafiya lau, amma wannan lambar a hoton da faɗinsa 1080 ne ta yi masa yawa, can 0.3 zuwa 0.5 ake magana.

Da ka danna OK ka canza yanayin haɗin leyar daga Normal zuwa Luminosity. Kaifi a Normal yana taɓa launi, sai ka ga gefen jan mayafi ya yi wani kore-kore ko ruwan lemo, a Luminosity haske da duhu kawai zai taɓa. Wasu har yanzu suna juya hoton zuwa Lab su kaifafa tashar Lightness kaɗai, sakamakon kusan ɗaya ne, ni ban ga dalilin wahalar ba.

Akwai wata dabara da wannan filtar da ba kaifi ba ce sosai: Amount 15 zuwa 20, Radius 40 zuwa 60, Threshold 0. Tana raba manyan sassan hoto da juna ne. Hoton da aka ɗauka a waje lokacin hunturu da hazo ya rufe gari, komai ya yi fari-fari, mutane sukan ɗauka kaifi ya rasa su yi ta zabga masa, alhali kwantiras ne ƙura ta cinye. Wannan saitin ko Dehaze na Camera Raw shi ne maganinsa, bayan nan sai ka ga ɗan kaifi kaɗan ya wadatar.

Smart Sharpen tana nan kusa da ita, ta shigo tun CS2 a 2005. In za ka yi amfani da ita ka sa Remove a kan Lens Blur, layinta ya fi siriri, kuma a ƙasa akwai Shadows da Highlights inda Fade Amount yake rage kaifi a cikin inuwa ko a wurin da ya yi haske sosai. Motion Blur ɗinta yana ɗan taimakawa in girgizar fiksel biyu ce ko uku kuma ka gane kusurwar da hannu ya tafi, fiye da haka kar ka ɓata lokacinka.

High Pass da maski, inda aikin yake

Wannan ita ce hanyar da na fi so a hoton mutane, saboda kana ganin abin da za a kaifafa da idonka kafin ya sauka. Kwafi leyar da Ctrl+J, je Filter, Other, High Pass. Hoton zai koma toka-toka, gefuna kawai za su rage kamar zanen fensir. Ja Radius daga ƙasa har layin ido da gashi su fara fitowa, da ka fara ganin launi ko inuwar kumatu a cikin tokar to ka wuce. A babban hoto 1.5 zuwa 3 ne, a ƙarami ƙasa da 1. Danna Ctrl+Shift+U ka cire ɗan launin da ya rage, in Smart Object ce sai ka mayar da ita leya ta yau da kullum kafin wannan. Sannan ka sa yanayin haɗi a Overlay. Tokar da ke tsakiya daidai ba ta yin komai a Overlay, sai ta ɓace, layukan haske da duhu kawai su rage a kan hoton. Soft Light ya fi taushi, Hard Light da Linear Light sun fi zafi, in ya yi yawa Opacity yana nan.

Yanzu riƙe Alt ka danna alamar maski a ƙasan leyoyi, zai ba ka baƙin maski wanda ya ɓoye kaifin gaba ɗaya. Ɗauki burushi da B, mai taushin baki, launi fari, Opacity kamar 40, ka shafa inda kake so kawai. Ɗauki hoton amarya misali. Ƙwayar ido da gashin ido da gira, layin leɓe, ɗan kunne da sarƙa, zanen lalle a hannu, duwatsun leshi, ninkin ɗaurin kai, waɗannan su za ka shafa. Goshi da kumatu da wuya da ƙasan ido kar burushinka ya je wurin, mai kwalliya ta yi awa tana rufe ramukan fata da hoda kai kuma ka zo da filta ka tone su. A fata mai duhu akwai ƙarin abu ɗaya, ɗan ƙyallin maiƙo da filasha take bari a goshi da kan hanci, kaifi yana mayar da shi fararen ɗige-ɗige masu kama da gishiri, kuma a fatarmu sun fi fitowa saboda tazarar da ke tsakanin su da launin fatar tana da yawa. In ka yi kuskure ka shafa wurin danna X launin ya koma baƙi ka goge.

A hoton ango kuma aikin wuyan babbar riga da zanen hula suna son kaifi sosai, amma jikin shaddar kanta a yi hankali. Saƙarta siririya ce mai maimaituwa, in ka matsa mata sai wasu layuka masu lanƙwasa kamar bakan gizo su fito, musamman bayan an rage girman hoton. In sun riga sun fito tun daga kyamara, burushin Lightroom yana da silaidar Moiré, shafa ta kafin kaifi.

Bayan hoton, wato abin da ke bayan mutum, da aka dusashe da gangan kuma, wanda aka sayi lens mai tsada don a same shi, ba ruwansa da kaifi. Abin da za ka samu a wurin noyiz ne kawai.

Farin layin nan na gefe

Shi ne yake tona asirin wanda ya zabga. Ka duba inda rufin gida ya haɗu da sama, ko baƙar hula a gaban farin bango. Kaifi layi biyu yake yi, baƙi a ciki fari a waje, amma ido ya fi kama farin nesa ba kusa ba. Don haka ba sai ka rage duka ba, farin za ka rage. Kwafi leyar da ka kaifafa da Unsharp Mask ta zama biyu, ɗaya ka sa ta a Darken ka bar ta 100, ɗayar a Lighten ka sauke ta zuwa 40 ko 50, dukansu a kan hoton da ba a kaifafa ba. Shi ke nan, kaifin yana nan farin layin ya lafa. Wata hanyar ita ce ka danna leyar sau biyu, a ƙasan akwatin akwai Blend If, riƙe Alt ka raba farin kibiyar layin sama gida biyu ka ja rabi zuwa wajen 200. Duk wadda ta fi maka sauƙi.

Renda daban take

Masu zanen gidaje da masu Blender, ku matsalarku ba irin ta mai kyamara ba ce, kuma rabin gyaran tun kafin a shiga Photoshop ake yin sa. A Cycles, injin renda na Blender, je Render Properties, Film, Pixel Filter, za ka tarar da Blackman-Harris a faɗin 1.50. In ka sauke shi zuwa 1.2 ko 1.0 rendar za ta fito da kaifi tun daga tushe, amma ka duba layukan da suka karkace kamar gefen rufi da ƙarafan baranda, in sun fara yin haƙora-haƙora kamar matakala to ka sauka da yawa. A V-Ray ma akwai filtar hoto, in Catmull-Rom aka zaɓa to ta riga ta kaifafa gefuna, Lumion ma yana da Sharpen a cikin ifet ɗinsa. Ka san abin da aka kunna a can kafin ka ƙara wani a kai, kaifi biyu a kan juna shi ke sa renda ta yi kama da wasan bidiyo na da.

Sau da yawa kuma laushin ba na filta ba ne. Bango ya yi dishi-dishi saboda tekscha 1K, wato ƙaramin hoton da ake lulluɓe jikin abu da shi, aka shimfiɗa a katangar mita goma, ko kuma samfura sun yi kaɗan sai denoiza ta rasa abin kamawa ta shafe hatsin katako da zaren kafet ta mayar da su kamar fenti. Na farko canza tekscha zuwa 4K ne maganinsa. Na biyu ka ƙara samfura, ka tabbata denoizar tana amfani da Albedo da Normal don su ne suke nuna mata inda ainihin zane yake. Na san lokacin renda ba wasa ba ne ga mai aiki da laftof ana ɗauke wuta, amma dai gara ka rage girman wurin da kake gwaji da Ctrl+B a Blender ka daidaita saitin a ɗan ƙaramin yanki, da ka zo kana neman filta ta ƙirƙiro maka abin da babu. In injinka zai iya, renda a 150% ko 200% sannan ka rage girman, wannan ya fi kowace filta ba da gefe mai tsafta.

Fararen ɗigon nan da suke fitowa ɗaya-ɗaya kusa da gilashi ko ƙarfe mai ƙyalli, ka kashe su kafin kaifi. Clamp na Indirect Light a Blender yana zuwa a 10, rage shi yana taimakawa, waɗanda suka tsira kuma ka goge su a Photoshop da Spot Healing, wato J. In ka bar su kowane ɗaya sai ya samu baƙin zobe kewaye da shi.

Wani abu da ke kama mutane shi ne kaifafa EXR, wato fayil ɗin renda mai bit 32, kai tsaye. A fayil mai bit 32 hasken fitila ko rana a jikin taga yana iya ninka fari sau goma ko ɗari, filtar kuma da wannan bambancin take lissafi, sai ka ga baƙin layi mai kauri ya zagaye kowane ƙwan fitila. Ka bari sai hoton ya bi ta saitin launi na Filmic ko AgX, wanda ya zama na asali tun Blender 4.0, ka fitar da shi PNG ko TIFF mai bit 16, sannan ka kaifafa. Kar ka fitar da JPEG ka gyara shi ka sake ajiye shi JPEG.

In ka fitar da ginin ba tare da sama ba don ka sa taka a baya, kar kaifi ya taɓa bakin ginin. Riƙe Ctrl ka danna ɗan hoton leyar ginin, je Select, Modify, Contract ka sa fiksel 2, sannan ka yi maski da wannan zaɓin a leyar kaifi. Ciki ya kaifafa, baki ya zauna lafiya da sabuwar saman.

Garaɓasar da mai renda yake da ita wadda mai kyamara ba shi da ita ita ce maski kyauta. Fitar da Cryptomatte ko Material ID, waɗanda suke ware kowane abu a rendar daban, danna ɗaya ka zaɓi duk dutsen ado ko duk intalok ɗin tsakar gida ka ba su kaifi mai ƙarfi, gilashi da farin fenti da sama ka bar su. Mist ko Z kuma, wato hoton da ke nuna nisan abubuwa daga kyamara, in ka juya shi da Ctrl+I yadda kusa zai zama fari nesa baƙi, ka sa shi a matsayin maski, kaifi zai yi ƙarfi a gaba ya riƙa raguwa yana tafiya baya, haka ido yake gani a zahiri, renda da komai nata ya yi kaifi ɗaya daga ƙofar gida har bishiyar da ke can ƙarshen layi ita ce ake ganewa daga nesa cewa kwamfuta ce. Mutane da motocin da ka yanko ka liƙa su ma ka daidaita su da rendar, wani lokacin ɗan Gaussian Blur na 0.3 zuwa 0.5 suke so ba kaifi ba. A ƙarshe Add Noise kamar 1%, Gaussian, Monochromatic, a kan komai, yana haɗe su su zama hoto ɗaya. In bidiyo ne kuma ka rage kaifin zuwa rabin abin da za ka sa wa hoto tsayayye, in ba haka ba ƙananan layuka su yi ta rawa daga firem zuwa firem.

Ina hoton zai je

Ajiye babban fayil ɗinka PSD ko TIFF, daga shi kake fitar da kwafi kala-kala, kowane da kaifinsa. Na Instagram rage faɗi zuwa 1080, na Facebook dogon gefe 2048. A Image Size, wato Ctrl+Alt+I, in Resample yana Automatic to wajen ragewa Bicubic Sharper yake ɗauka, shi ma kaifi ne, ko dai ka bar shi haka ka duba ko ya isa ko kuma ka zaɓi Bicubic zalla sannan ka sa Unsharp Mask da Radius 0.3 zuwa 0.4, Amount wajen 100. Tura wa kanka ka kalla a waya, don a nan mutane za su gani.

WhatsApp yana matse hoto, kuma JPEG ƙananan murabba'ai na fiksel 8 a 8 yake yanka hoto, wurin da kaifi ya yi yawa nan yake fi lalacewa, sai ka ga wani ƙura-ƙura kewaye da rubutu da gefen fuska. In aiki ne za ka miƙa tura shi a matsayin Document, ko aƙalla ka danna HD da suka ƙaro a 2023. Haka in kwastoma ya turo maka hoton da ya yi yawo a gurup uku ya ce a gyara a buga, ka nemi na asali, in babu to rage noyiz da ɓarnar JPEG tukuna sannan kaifi kaɗan a ido kawai.

Bugawa kuma akasin allo ce. Tawada tana ɗan bazuwa a takarda, don haka hoton da za a buga yana son kaifin da a allo zai yi kamar ya ɗan yi yawa. A 300 ppi Radius 1.5 wuri ne mai kyau na farawa, ka kalle shi a zum 50% don ya fi kusa da abin da takarda za ta nuna. Takarda marar ƙyalli ta fi shan kaifi fiye da mai ƙyalli, shi ya sa a Export na Lightroom aka raba Screen da Matte Paper da Glossy Paper, kowane da Low da Standard da High. Bana ta fileks da za a rataya a titi daga nesa ake kallonta, rezolushan ɗinta ƙasa yake, fara kai ta girman da za a buga sannan ka kaifafa. Kafin a buga babban firem ko bana mai tsada, yanko wurin fuska a ainihin girmansa a buga maka a ƙaramar takarda ka gani.

Wanda ba shi da Photoshop

GIMP kyauta ce kuma duk abin nan tana yi. Filters, Enhance, Sharpen, a nan Unsharp Mask take, sai dai lambobinta daban: Amount 0.5 shi ne kamar 50%, kuma Radius yana zuwa a 3.0 wanda ya yi yawa ga yawancin hotuna, sauke shi zuwa 1 ko ƙasa. Maimakon Luminosity sa leyar a LCh Lightness. High Pass ma tana cikin Enhance. Akwai kuma Wavelet-decompose da take raba hoto leya-leya gwargwadon girman bayanai, in ka kwafi Scale 1 ko Scale 2 ka samu kaifi mai tsafta, ka sa masa maski kamar yadda muka yi a sama. Daga GIMP 3.0 da ta fito a 2025 ana iya komawa a gyara lambar filta bayan an sa ta. Photopea a burauza take aiki kuma menu ɗinta kusan irin na Photoshop ne. A waya Snapseed tana da Details mai Structure da Sharpening, Structure ɗin ne yake tsufar da fuska, a mutum ka bar shi a 0 ko ka shafa shi a kaya kawai da burushin da ke cikin View edits.

Su Remini da sauran masu AI kuwa ba kaifi suke ƙarawa ba, zana sabon ido da haƙori da gashi suke yi bisa abin da suka koya daga fuskokin wasu. A hoton talla ko wanda za a sa a DP ba damuwa. Amma tsohon hoton mahaifin wani da ya rasu, ko hoton fasfo da na takardun makaranta, ka ajiye na asali a gefe ka zuma ido da baki ka gwada su, in kamannin sun motsa ko kaɗan ka sa sakamakon a leya ta sama ka sauke Opacity zuwa 30 ko 40, ko ka goge shi daga fuskar da maski ka bar shi a hula da riga.